Fasihi da Na'ura: Musayar Baitoci

Malamin Zazzau

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022, ɗalibaina ke kawo mini baitocin da ƙirƙirarriyar basira ta tsara, suna tambaya ko da sauran amfani a koyi waƙa. Ga maganar a gabanku, a amsa da baiti.

Bismillahi, da shi nake farawa,
Sarkin da ya ba ɗan Adam basira.

Yaro ya taɓa waya da yatsa,
Kafin ƙiftawa baitoci ta jera.

Ta zana hoto, ta haɗa kiɗa,
Har muryar mamaci tana iya ƙera.

Na karanta nata, amsa-amo ya zauna,
Amma karin bai yarda in rera.

Boko bai nuna tsawon wasali ba,
Sai kunnen da ya sha Hausa ke gyara.

Aliyu Namangi makaho ne a Zariya,
Da ka yake auna baitin da ya tsara.

Mabarata suka ɗauke shi a baki,
Har yau ana jin sa birni da karkara.

To mene ne rabonmu, 'yan uwana,
In aikin fasihi ya koma na'ura?

Ɗan Situdiyo

Malam, barka da wannan tambaya,
Ga ɗanka daga Kano yana amsawa.

A situdiyo nake kwana da tashi,
Titin Gidan Zoo, inda ake haɗawa.

Ran da fiyano ya shigo garin nan,
An ce kalangu ya kusa macewa.

Makaɗa da yawa sun rasa abinci,
Wannan gaskiya ce, ba na musawa.

Amma ka leƙa gidan biki ran kamu,
Ga ƙwarya, ga kalangu, ana cashewa.

Jiya na sa na'ura ta tace hayaniya
Daga tsohon kaset da ke lalacewa.

Muryar dattijo ta fito tar da kuntiginsa,
Har numfashin da yake ja ina jiyowa.

In kayan aiki ce, ina mata maraba,
Ni ke zaɓe, ita ke miƙowa.

Marinin Ƙofar Mata

Ɗana na Gidan Zoo, na ji batunka,
Saurari na tsoho, ɗan gadon rini.

Baba da toka da katsi muke zubawa,
Rami ya yi kwanaki kafin ya ba da shuni.

Ka tsoma zane, ka ɗaga ya sha iska,
Kore ya juye shuɗi kana gani.

Ka sake tsomawa, ka sake ɗagawa,
Hanci da ido su ne ma'auni.

Hannuna ya rine har cikin farce,
Sabulu ya gaza, damina da rani.

Sai ga yadi ɗan waje, bugun inji,
Da adonmu a kai, an kwafa ba izini.

Zo ka ƙirga ramukan da suka bushe,
Yara sun watse, wa zai gaji marini?

Mai saye arha yake nema, ɗana,
Shi ne tsorona ga waƙar zamani.

'Yar Sakkwato

Baba marini, Allah ya ƙara girma,
Kukanka ya taɓa ni har zuciya.

Ni tambayata, don wa ake yin waƙa?
Nana Asma'u ta nuna mana hanya.

Da Larabci, Fulatanci da Hausa
Ta tsara baiti don ilimi da tarbiyya.

Jaji, malama mai yawo, da malfarta ta haddace su,
Ta kai wa matan ƙauye a tafiya.

Ta san masu ji, ta san damuwarsu,
'Yan uwa in sun rasu ta yi marsiyya.

Ta rasu a 1864, amma mabiyanta 'yan taru
Suna nan, ba su saki wannan igiya ba, ko ɗaya.

Kakata in tana daka tana waƙa,
Lugude ke kiɗa, turmi da taɓarya.

Habaicin kishiya na ciki, da kewar gida,
Abin da ba ta iya faɗi saboda kunya.

Na'ura ta taɓa binne mahaifi?
Ta taɓa goyo, ta aurar da ɗiya?

Ɗan Damagaram

Yaya, sannu da baiti. Daga Damagaram
Ɗalibin kwamfuta ne zai sa baki a harka.

Babu aljani a cikin wayar nan,
Lissafi ne zalla, kar ku yi shakka.

An tara mata rubutun mutane tuli,
Tana hasashen kalmar da za ta saka.

Mafi yawan abin da ta koya Turanci ne,
Hausa kaɗan ce, da harsunan Afirka.

Shi ya sa in ta yi mana baiti
Sai ka ji Turanci ya leƙo a tsaka.

Masu rubutun nan, wa ya biya su?
An girbe gonar da wasu suka shuka.

A 2023 marubutan fim sun yi yajin aiki,
Kusan wata biyar, can a Amurka.

Sai da aka sa a cikin yarjejeniya:
Na'ura ba marubuciya ba ce, an amince da haka.

Mu nan fa, wa zai tsaya wa mawaƙi
In an kwafi muryarsa an ɗauka?

Ɗan Situdiyo

Baba, wallahi ban raina kukanka ba,
Ni ma aikin talla ya fara raguwa.

Mai shagon da kan sa in yi masa waƙa,
Yanzu wayarsa ke masa rerawa.

Amma amarya ta zo da mahaifiyarta,
Kirarin gidansu suke son sakawa.

Sai da na zauna na ji tarihinsu,
Uwar na faɗi, hawaye na zubowa.

Ƙanena na Damagaram, batun haƙƙi
Ya kamata mawaƙa mu fara dubawa.

Malamin Zazzau

Na gode Baba, na gode 'yan uwa,
Kun ba ni abin da zan kai wa yara.

Ba zan hana su taɓa waya ba,
Amma duk baiti sai an tashi an rera.

Wanda ya kawo, zan tambaye shi:
Don wa ka yi shi, me ya sa ka fara?

Hutun nan kowa ya je wajen kakarsa,
Ya nemi izini, ya zauna ya saurara.

Waƙar niƙa, ta daɓe, ta reno,
Ya naɗo da sunanta, kar ya rage ko ya ƙara.

Baba, in ka yarda, bayan hutu
Zan kawo su Ƙofar Mata ziyara.

Marinin Ƙofar Mata

Malam, ku zo da hantsi, ina jiran ku,
Kowa ya sa tsohuwar riga saboda shuni.

Farin yadi kamu biyu ya ishi yaro,
Shi zai tsoma da kansa, ni nawa bayani.