Dan Allah a ba ni shawara, an kama ƙanina da tuƙi cikin maye a New York

Salamu alaikum 'yan uwa. Wlh da kunya nake rubuta wannan amma abin ya fi ƙarfina. Ƙanina ɗan shekara 26, nan Bronx muke zaune tare, daren Asabar wajen ƙarfe biyu 'yan sanda suka tare shi wai motar na ta karkacewa, suka tafi da shi ofis ya hura na'urar nan ta auna giya a jini ta nuna 0.11, da aka kai shi gaban alƙali nan take aka dakatar da lasin ɗinsa aka ba shi ranar dawowa. Ni ban taɓa sanin yana sha ba sai da na je ɗauko shi na ji warin a rigarsa, ko ido ya kasa haɗawa da ni. Girin kad, wato katin zama na dindindin a Amurka, gare shi, baɗi yake son neman zama ɗan ƙasa. Yanzu ya kafe wai zai amsa laifi kawai ya biya tara a wuce wurin kafin labari ya kai kunnen Hajiya a gida. In bar shi ya amsa ɗin ko yaya?

Direban tasi: Wa alaikumus salam 'yar uwa, a'a kar ki bari ya amsa komai tukuna. A jihar nan daga 0.08 zuwa sama shi ne DWI, wato tuƙi cikin maye, kuma laifi ne da ke zama a fayil ɗin mutum, ba irin tikitin fakin ba ne. Karon farko tara dala 500 zuwa 1,000, alƙali na iya ɗaure shi har shekara guda, lasin kuma a soke aƙalla wata shida, sannan a tilasta masa sa na'urar da sai ya hura kafin mota ta tashi, kuɗin sawa da na wata-wata duk daga aljihunsa, ga kuma dala 250 duk shekara har shekara uku da zai biya hukumar lasin, inshora ma sai ta yi tashin gwauron zabi. Ku gode Allah bai kai 0.18 ba, wannan hukuncinsa ya fi tsanani.

Mai tafinta a kotu: Ƙanwata ki kwantar da hankali, na sha ganin irin wannan. Akwai ƙaramin laifi a ƙasan DWI ana ce masa DWAI, shi saɓa dokar hanya ne kawai, tara dala 300 zuwa 500, dakatar da lasin kwana 90, ɗauri in ma an yi bai wuce kwana 15 ba. Wanda karonsa na farko ne kuma bai buge kowa ba, lauya kan nemi a sauko da tuhumar zuwa nan, ba dole a yarda ba amma in ya riga ya amsa ya rufe wa kansa ƙofar. In ba kuɗi kotu za ta ba shi lauya kyauta, kuma ranar farko ya faɗa wa lauyan shi ba ɗan ƙasa ba ne, tun 2010 kotun ƙolin Amurka ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa mutum abin da amsa laifi zai jawo wa takardunsa. Akwai yaro a motar? Don in akwai ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka, dokar 2009 ta mayar da abin gagarumin laifi ko da karon farko ne.

Wani daga Newark: Mu nan New Jersey a laifin hanya ake lissafa shi, Utah kuwa tun ƙarshen 2018 daga 0.05 ma an kama ka, kowace jiha da nata, saboda haka kar ya biye wa abokan da abin ya same su a wani wuri. Kuma kar ya kuskura ya nufi Kanada yanzu, suna mayar da mutum daga boda a kan wannan.

Baba Alhaji: 'Yata, na ji kowa na ta lasin da takardu. Ƙarfe biyun dare akwai masu dawowa daga aiki a ƙasa, da ya take ɗan wani fa? Ki zaunar da shi ki tambaye shi tun yaushe ya fara kuma da su wa, ba da faɗa ba, don in ya sake cikin shekara 10 hukuncin na manyan masu laifi ne. Ki karɓe makullin motar ki ajiye a wurinki. Allah ya shirya mana zuri'a.

Mai tambaya: Amin Baba, na gode ƙwarai. Anti ba yaro a motar, shi kaɗai ne alhamdulillah. Na karanta masa duk abin da kuka rubuta, ya yi shiru can sai ya miƙo min makullin da kansa ya ce wata takwas ke nan da ya fara. Gobe ƙarfe goma za mu ga lauyan, zan tafi da girin kad ɗin da takardar da kotu ta ba shi. Maganar Hajiya na ce masa ni ba zan faɗa ba, shi zai kira ta da bakinsa.