Fas ɗin Eurail ko tikiti ɗai-ɗai? A ba ni shawara

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tafiyar mako biyu ce a Turai: Faris, Amstadam, Balin, Prag, Biyana, a ƙare a Roma, duk a jirgin ƙasa. Fas ɗin Eurail zan saya, wato tikiti guda da ke ba da damar hawa jiragen ƙasashen Turai da dama na wasu adadin kwanaki, ko tikiti ɗai-ɗai?

Malam Habu: Wa'alaikumus salam. Fara da lissafi, 'yar uwa. Hawa biyar za ki yi, wato fas na kwana 5 cikin wata ɗaya. A farashin 2024 yana wajen Yuro 320 ga babba a aji na biyu, kowace rana ta tashi Yuro 64 ke nan. Idan aka sayi tikiti wata biyu ko uku kafin tafiya, Faris zuwa Amstadam yana farawa daga wajen Yuro 35, Amstadam zuwa Balin wajen 40, Balin zuwa Prag wajen 20, Prag zuwa Biyana wajen 15. Babu ko ɗaya da ya kai 64. In ranakunki a tsaye suke, tikiti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Injiniya: Kuma fas ba ya nufin an gama biya. Jiragen gudu na Faransa, Italiya da Sifaniya sai an kama kujera, da kuɗi daban. TGV cikin Faransa Yuro 10 ko 20, Frecciarossa na Italiya wajen 13, Eurostar daga Faris zuwa Amstadam wajen 30. Abin da ya fi ciwo, kujerun da Eurostar ke ware wa masu fas ƙididdigaggu ne. Sai ki ga jirgi da sauran wuri ga mai sayen tikiti, amma na masu fas ya ƙare, musamman a Yuli da Agusta.

Hajiya Mairo: Malam Habu, lissafinka daidai ne amma ka tsallake maganar biza. Wannan farashin mai rahusa, irin Super Sparpreis na Jamus ko Sparschiene na Ostiriya, ba a mayar da kuɗinsa, kuma a ɗaure yake da jirgi guda a lokaci guda. Mai fasfon Najeriya ko Nijar da ya saya kafin bizar Shengen (biza guda ta shiga yawancin ƙasashen Turai) ta fito, in ta makara ko aka hana, kuɗin ya tafi. In kuma ya jira har ta fito saura kwana 10, arhar ta riga ta ƙare, tikitin Amstadam zuwa Balin yana iya ninkawa. A nan fas yake da amfani: farashinsa ba ya hawa don tafiya ta matso, kuma ana da wata 11 daga ranar saye kafin a fara aiki da shi.

Malam Habu: Na yarda, Hajiya. To ta haɗa biyun. In bizar ta zo a makare, ta ɗauki fas na kwana 4 don dogayen hanyoyin, Prag zuwa Biyana kuma ta biya daga aljihu. Tafiyar awa 4 ce, kuma ko a ranar aka saya ba ta cika cin kuɗin kwana ɗaya na fas ba.

Sadiya: Na gode. Biyana zuwa Roma fa? An ce akwai na dare. Kwana biyu zai ci a fas?

Injiniya: Kwana ɗaya, ranar da kika hau kawai, muddin ba ki sauya jirgi bayan sha biyun dare ba. Nightjet ne, na ÖBB, kamfanin jirgin ƙasa na Ostiriya. Fas yana ɗauke kuɗin tafiyar, gadon kuwa ke za ki biya, kuma shi ne ke fara ƙarewa. Akwai ɗakin mata zalla a ɓangaren gadaje masu hawa, ki zaɓe shi tun wajen saye. Kujerar zaune ta fi arha, amma sama da awa 13 a zaune ba wasa ba ne.

Ɗan Jamus: Gyara kaɗan ga masu karatu ko aiki a Turai da ke bin zancen nan. Eurail na wanda ke zaune wajen Turai ne. Mai takardar zama a nan Interrail zai saya, kuma cikin ƙasar da yake zaune kwana 2 kacal aka ba shi, na fita da na dawowa. Wanda bai kai shekara 28 ba yana da rangwame, yara 'yan 4 zuwa 11 kuma kyauta ne, biyu ga kowane babba. Ga mai iyali wannan kaɗai yana iya juya lissafin.

Inda fas yake cin kasuwarsa shi ne Jamus, Ostiriya, Siwizalan, Holan da Beljiyam, don yawancin jiragensu hawa kawai ake yi ba kama kujera. Zurik zuwa Janiba kaɗai cikakken farashinsa ya kusa faran 90 na Siwizalan.

Hajiya Mairo: A kula, ƙasashe 33 da fas ke shiga ba duka ne Shengen ba. Birtaniya, Ailan, Sabiya da Turkiyya suna ciki, amma kowacce da nata sharaɗin biza. Eurostar na Landan ana duba fasfo tun a tashar Gare du Nord ta Faris, ba bizar Birtaniya ba hawa.

Injiniya: Sai kuma kuskuren da ke jawo tara. A manhajar fas ɗin, wato Rail Planner, sa jirgi cikin jerin tafiya bai isa ba, sai an kunna shi kafin a hau, lambar QR ta ranar ta fito. Manhajar tana son intanet lokaci-lokaci, kuma waya ta mutu tamkar ba tikiti ne, don haka a riƙe fawa banki. Fas ba ya aiki a jiragen Ouigo, Italo da FlixTrain, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin gari.

Sadiya: In na zaɓi tikiti ɗai-ɗai, me zan kiyaye?

Malam Habu: Hanyar da ke da sauyin jirgi, ki saye ta a tikiti guda daga shafin kamfanin, DB na Jamus ko ÖBB. In na farko ya makara kika rasa na biyu, za su sa ki a na gaba kyauta, kuma jinkirin awa 1 ana mayar da kashi 25 cikin ɗari, na awa 2 kashi 50. In kuwa tikiti biyu ne daga kamfanoni daban, ki bar tazarar awa ɗaya aƙalla tsakaninsu.