"Karen bana shi ke maganin zomon bana": ana faɗa wa wanda karensa ya mutu?

Na Gummi: Assalamu alaikum. In tsohon karen mafarauci ya mutu, mai shi har tuwo yakan kasa ci, sai ka ji wani ya ce masa, "Haƙuri, ai karen bana shi ka maganin zomon bana." Lallashi ne wannan ko cin fuska?

Malamin Hausa, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Ba wurinta ba ne. Ana kawo ta ne in abin zamani ya gagari manya, kamar damfarar waya, a ce a kira yara. Wanda ya faɗa wa mai rashi kamar ya ce masa dama karen ya gama amfani.

Baba na Ɗansadau: Malam, a gudu kam maganar gaskiya ce. Zomo ba ya tafiya miƙe, kwana yake yankewa, kare mai nauyin ƙafa ya zarce ya ci ƙasa. Ganiyar kare daga shekara 2 zuwa 5 take. In ya kai 7 ko 8 sai numfashi ya rage, haƙora su dakushe. Amma wa ke tada zomon daga gindin sabara? Tsohon ne, da hanci. Kuma shi ke koyar da na bana. Kwikwiyo in ya haura wata 6 ana fita da shi bayan tsoho, a igiya tukuna, kusa da gari, da sanyin safiya. A nan yake koyon bin sawu, da dawowa in an yi fito, da riƙe nama bai ci ba har mai shi ya iso ya yanka. Wanda ya tashi ba tsoho a gabansa, kajin maƙwabta yake fara kamawa, rigima ta biyo baya.

Ɗan Zuru: Baba, da girmanka, ni ina ganin "bana" ɗin ba shekaru ba ne. Dabara ake nufi. Tsohon da ya san sabuwar hanyar zomo ai karen bana ne.

Malamin Hausa, Birnin Kebbi: An ja ta da nisa. Bahaushe bai taɓa kiran dattijo ɗan bana ba.

Ma'aikacin dabbobi, Argungu: Abin da masu faɗar maganar ba su lura ba, shaƙuwar ba a sayo ta a kasuwa. Mutum ɗaya ke ba kare abinci da hannunsa, shi ke cire masa kaska a kunne, ya duba tsakanin yatsu bayan kowace fita saboda ƙarangiya da ƙaya. Shi ya sa cikin taron farauta kare ke gane fiton mai shi kaɗai. Da yawa kuma ba tsufa ke ramar da su ba. Ana jefa musu kayan cikin zomo ɗanye a matsayin lada, tsutsar ciki ta kama su, su rame. A dafa tukuna. Allurar haukan kare kuma tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Kada a cika masa ciki safiyar fita, a riƙe masa ruwa a gora.

Na Gummi: To me ya dace a ce masa?

Baba na Ɗansadau: "Allah Ya mayar da alheri" ta isa. In ka san karen, ambaci sunansa da wani kamu da ya taɓa yi. Batun sabon kwikwiyo a bari sai shi ya tayar, kuma in da hali a nemo masa daga jinin wancan.