Neman shawara: motar farko wadda inshora ba za ta cinye ni ba

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, shekarata bakwai ina hawa mashin daga Rijiyar Zaki zuwa wurin aiki, daminar bana ruwa ya kama mu ni da mai ɗakina a hanyar awo, muka raɓe a rumfar mai shayi kusan awa ɗaya tana rawar sanyi, tun ranar na ce in Allah ya yarda sai mota. Na ɗauki adashi na sayar da wani ɗan fili, yanzu ina da miliyan 5 da rabi a hannu. Dillali ya nuna min guda uku duk 'yan gida, Corolla 2005, Honda EOD da wata Peugeot 206 mai giyar hannu. Abin da ya rikita ni ɗan kawuna da ke Ingila ya ce kar in kuskura in sayi mai babban inji don kuɗin inshora sai ya fi kuɗin motar, wai shi haka ta faru da shi. To wacce ce inshorarta ta fi sauƙi a cikinsu? Ban taɓa mallakar mota ba wlh, ku yi min bayani kamar ɗan firamare.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam Malam. Ɗan kawunka bai yi ƙarya ba amma zancen can yake maka. A nan ƙaramar inshorar da doka ta tilasta, wadda ake ce wa tad fati, kuɗinta ɗaya ne ga duk motar gida, naira 15,000 a shekara, ko 206 ce ko jif. Da 5,000 ce, NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta ƙara daga 1 ga Janairun 2023, ta kuma ɗaga abin da ake biyan wanda ka yi wa ɓarna daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Amma ka gane, motar wanda ka buge take gyarawa, taka kai da aljihunka. In kana so a gyara taka ko a biya ka in an sace sai babbar, komfirihensif, ita kuma ƙa'ida ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Kai malamin lissafi ne, motar miliyan 5 ka ga 250,000 ke nan duk shekara. Girman inji bai shigo lissafin ba sam.

Ɗan Birmingham:
Hahaha wlh na tausaya wa ɗan kawun nan naka. Nan motoci rukuni-rukuni suke daga 1 zuwa 50, sannan a duba shekarunka, unguwar da kake, aikinka, yaushe ka samu lasisi. Shi ya sa za ka ga sabon direba ya maƙale wa 'yar Yaris ko Aygo mai lita 1, har wani akwati suke sa maka a mota yana lura da yadda kake taka birki. Kai da kake Kano ka gode wa Allah ka je ka yi tunanin fetur.

Oga Bakanike:
Malam bar zancen inshora, ni zan faɗa maka abin da zai ci kuɗinka, shekarata sama da ashirin a ƙarƙashin mota. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 duk wanda ya zo garejina da mai silinda shida kuka yake. EOD ɗin nan ka fara tambaya 2.4 ce ko V6 mai lita 3, in V6 ce ka yi musu sallama, ga shan mai ga giyarta ba ta da haƙuri. Ko 2.4 ɗin ma mota ce mai daɗi, AC kamar firij, amma ƙafarta ba ta son ramukanmu, ka sha ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar titi taya ta karkace, boljoyin ne, wato mahaɗar da ke riƙe ƙafar taya, in ba za ka riƙa sa na kirki kana dubawa ba kar ka fara. 206 kuma ba ta shan mai gaskiya, kuma tunda mai giyar hannu ce da sauƙi don otomatik ɗinta masifa ce, sai dai matsalar wayarin da ɗaukar zafi, kuma ba kowane bakanike ne ya iya Fijo ba, ga ta ƙarama ga iyali na tafe.

Corolla ɗin nan injin 1.8 ne, sarƙar taimin gare shi ba bel mai saurin tsinkewa ba, kayanta kuwa ko ƙauye ka lalace za ka samu balle Ƙofar Ruwa. Matsalarta ɗaya kowa ya san haka, don haka dillalai ke tsuga mata kuɗi, kuma da yawa an yi kabu-kabu da su an yi musu fenti. Ka je da sassafe kafin su tayar da ita, ka taɓa bonet ka ji da sanyi, sannan a kunna a gabanka ka zagaya baya ka kalli salansa, in ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi tana shan baƙin mai. Buɗe murfin baƙin man, in ka ga abu kamar madara a jiki gasket ya tafi. A leƙa ƙasa a ga ko an cire indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, a sa mata kwamfuta. Kuma bakanikenka za ka ɗauka, ba wanda dillali zai kira maka ba.

Hajiyar Zoo Road:
Ni dai Malam kan takarda zan ja maka kunne don ni aka yi wa. Shekara biyu ina ba wani mutum kuɗi a bakin ofishin lasisi yana haɗo min takardu har da inshora, fes da tambari. Ranar da na goge wa wani bawan Allah ƙofa a shataletale na ce to ai ina da inshora, aka duba lambar motata babu ita babu dalilinta, takardar bogi ce. Da kuɗin sarina na gyara masa. Yanzu da kaina nake biya wurin kamfani, in an gama in sa lambar motar a NIID, shafin tantance inshora, a wayata in ga ta fito. Kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsawa a kan inshorar nan, kar ka ce za ka bari sai an kwana biyu.

Abu Hanan:
Wai ni inshorar nan ma ta halatta kuwa?

Baban Ummi:
Akwai takaful ai Abu Hanan, Jaiz Takaful da Noor Takaful duk suna yin ta mota kuma NAICOM ce ta ba su lasisi. Gudummawa ake haɗawa a taimaki wanda abu ya samu, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Sauran bayani sai malamai.

Na Panteka:
Oga Bakanike ka manta Vibe. Injinta ɗaya da Corolla da Matrix, Toyota ce ta sa rigar Pontiac, ga but babba ga ta da ɗan tsayi daga ƙasa. Sai dai fitila da bamba sun fi na Corolla wuyar samu tunda an rufe Pontiac tun 2010.

Oga Bakanike:
Ban manta ba, yanzu ita ma 'yan Arewa sun gano ta kuɗinta ya tashi, da ne ake samunta a banza. In ya samu mai lafiya ya ɗauka. Amma Malam kar ka zuba miliyan 5 da rabin nan duka a kan mota, ka bar ko dubu 500 a gefe, taya, batir, juyen mai, la'adar dillali, canjin suna a takardu, duk a watan farko za su taso maka. Takardar kwastan kuma ka gani da idonka, lambar shasi ta dace da ta jikin motar, a rubuta yarjejeniya da shaidu.

Malamin Lissafi:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ashe tsoron banza na kwana uku ina yi. Na cire EOD, na kira dillalin ya ce V6 ce. Ƙaramar inshorar zan fara yi ta takaful, babbar sai na ga yadda albashi ya kaya. Asabar da ƙarfe bakwai zan je ganin Corollar, na ce masa kar a tayar da ita sai na zo, sai ya yi shiru ya ce wai batirinta ne ba shi da ƙarfi sai an ɗan ɗumama ta. Oga wannan fa?

Oga Bakanike:
Ka tafi da batirinka. Kuma ka je shida da rabi.