Daga ina aka samo ma'aunin kwana ɗari na farko?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa ko gwamna, sai gidajen rediyo su shiga ƙidayar kwanaki har a cika ɗari, sannan a baje abin da ya yi a faifai. Ina roƙon masana tarihi su fahimtar da ni asalin wannan al'ada, da kuma ko adalci ne a auna wanda ya tarar da ƙasa cikin mawuyacin hali da wannan mudu.

Hajiya Binta:
Wa alaikumus salam, Malam. Daga Amurka ta fito, zamanin shugaban ƙasa Franklin Roosevelt, wanda ya sha rantsuwa ranar 4 ga Maris, 1933, a lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi, jama'a kuma suna dogayen layuka a ƙofar bankuna domin kwashe ajiyarsu kafin bankin ya durƙushe. Ranar 6 ga wata ya rufe dukkan bankunan ƙasar, ranar 9 majalisa ta zartar da dokar gaggawa kan bankuna a yini guda, sannan a daren Lahadi, 12 ga wata, ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo, inda ya bayyana musu dalla-dalla cewa banki ba ya kulle kuɗin mai ajiya a ɗaki, juya shi yake yi. Washegari aka fara buɗe bankunan da aka tantance, sai mutanen da suka ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa suka mayar da su da ƙafarsu.

Alhaji Idi:
Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai akwai abin da ake yawan mantawa. Kwana ɗarin nan na zaman majalisa ne, daga 9 ga Maris zuwa 16 ga Yuni, wanda a cikinsa aka zartar da manyan dokoki 15, kuma jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a majalisun biyu. A ganina, shugaban da ba shi da irin wannan goyon baya an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ko shi Roosevelt ɗin ma, Kotun Ƙoli ta soke dokarsa ta farfaɗo da masana'antu a 1935.

Malam Sanusi:
Na gode, Allah ya ƙara basira. Alhaji, ke nan a wurinka majalisa ya kamata a fara tuhuma idan kwana ɗarin suka cika?