Neman shawara: wace hanya zan bi in ƙara wa shukar ɗaki iskar CO2?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan ɗaki da na mayar lambu, mita 2 da 2, tsayinsa mita 2 da rabi. Tumatir da barkono da latas ne a ciki, ƙarƙashin fitilun LED, ga fanka mai zuƙe iska waje tana aiki dare da rana. Shukar tana raye, amma girmanta bai gamsar da ni ba. An ce mini in ƙara mata iskar CO2, wato iskar da shuka ke zuƙa don haɗa abincinta. Na gwada jarkar sukari da yis guda biyu, masu fitar da iskar in sun tsima, har mako uku, ban samu komai ba sai warin tsami da ƙananan ƙudaje. Yanzu hankalina ya karkata ga na'urar nan mai ƙona gas, don an ce ita ce mai ba da iskar da yawa. In saya, ko in nemi silindar CO2? Don Allah masu sani a taimaka.

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka zargi yis, dubi fankarka. Ai zuba ruwa kake yi a kwando. Duk abin da jarkar ta fitar, cikin 'yan mintuna fanka ta kwashe shi ta watsar waje. Ko silinda ka kawo haka za ta yi masa.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da CO2 wajen 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan. Masu ƙarawa sukan kai shi tsakanin 800 da 1,200. Cikin ɗakinka mita kubik 10 ne, wato lita 10,000, don haka ƙarin 600 ppm lita 6 ce kawai ta iskar, giram 11 ko kusa da haka. Ka ga ba yawa kake buƙata ba, riƙe ta a ɗakin shi ne aikin. To amma ranar da ka kashe fanka ka toshe kafofi, zafi da laima za su taru, sai ka tanadi na'urar sanyaya ɗaki da mai tsotse laima. Nan ne mutane da yawa ke ja da baya.

Injiniya:
Malam, mai ƙona gas ɗin nan ka cire ta daga ranka. Ta manyan gidajen shuka ce. Kilo ɗaya na furofen, gas ɗin da take ƙonawa, in ya ƙone yana ba da CO2 kilo 3, amma yana zuwa da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi a matsayin tururi, ga zafi kuma. A ɗaki kamar naka gasa shukar za ka yi. Sannan in wutar ba ta ci da kyau ba, ka ga harshenta ya koma rawaya maimakon shuɗi, to tana fitar da kabon monoksaid, wadda ba ta da wari kuma tana kisa. Tana kuma fitar da wata iska mai suna etilin, tumatir ko kaɗan ba ya jure shi: ganye ya lanƙwashe ƙasa kamar mai jin ƙishi alhali ƙasar a jiƙe take, fure ya riƙa zubewa. Na taɓa ganin haka da idona, mai lambun ya yi ta ƙara ruwa yana zaton ƙishi ne.

Maman Biyu:
Ni dai silinda nake amfani da ita shekara biyu ke nan, da rigileta da bawul mai aiki da lantarki da na'urar awo da ke buɗe shi ta rufe da kanta. Na saita a 900. Ba zafi, ba tururi, wahalarta kawai ɗaukar ta zuwa wurin cikawa. Abu biyu na koya: ka rataye bututun a saman shukar don iskar ta fi ta ɗaki nauyi, ƙasa take gangarowa, ka sa ƙaramar fanka a ciki tana juya ta. Kuma da fitila ta mutu a rufe bawul, shuka ba ta cin CO2 a duhu. Ka ɗaure silindar a bango, musamman in da yara a gidan. In ɗakin yana manne da inda ake kwana, sa ƙararrawar gargaɗi. 5,000 ppm ne iyakar da aka sa wa ma'aikata a aikin awa 8, bawul in ya lalace kuwa ƙaramin ɗaki ba ya daɗewa ya wuce haka.

Mai Latas:
A yi wa yis adalci dai. Kilo ɗaya na sukari yana ba da kusan rabin kilo na CO2, ba kaɗan ba ne. Matsalarsa ba ya jin umarni: kwanakin farko ya yi ta tafasa, daga baya ya lafa, da dare ma bai san a daina ba. Jakar naman kaza mai fitar da CO2 da ake sayarwa ita ma haka. Busasshiyar ƙanƙara kuwa, wato CO2 ɗin da aka daskarar, sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona hannu, kullum kuma sai ka nemo sabuwa.

Tsohon Hannu:
Na manta ban tambaye ka ba, fitilunka suna da ƙarfi kuwa? In ka ga karan tumatir ya yi siriri yana miƙewa sama, tazarar ganye da ganye ta yi nisa, haske ne ya yi masa kaɗan, kuma CO2 ba zai gyara wannan ba. Ka ari na'urar awon CO2 irin wadda ake kira NDIR ka gwada kwana biyu kafin ka sayi komai.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Yaya, na bi shawararka na ari na'urar. Da fanka a kunne 430 take nunawa. Na kashe ta na rufe ƙofa awa biyu, ya sauka 290, amma zafin ɗakin ya haura digiri 34. Abin dariya, da na shiga na tsaya ina duba ganye kamar minti ashirin sai na ga ya kusa 800, ashe numfashina ne. Karan tumatir ɗin kuma lallai siriri ne.

Tsohon Hannu:
To ka bar fankarka a kunne tukuna, ita ke kawo musu 430 ɗin nan kyauta. Ƙara fitila ko ka sauko da waɗanda kake da su kusa da shukar, mu gani bayan mako uku. In kara ya yi kauri kuma ka samu abin sanyaya ɗakin, sai ka nemi Maman Biyu ta nuna maka yadda ta haɗa silindarta.