Maus da kibod suna nauyi in na haɗa su ta USB hub, a taimaka min

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana kwamfuta ina neman taimakonku. Ina da ɗan shagon buga takardu, laftof ɗina ramin USB biyu kawai gare ta, shi ya sa na sayi hub (na'urar da ke ƙara yawan ramukan USB) mai rami 4, irin wanda ba shi da cajarsa daban. A kai na jona maus mara waya (wato ɗan abin da ke karɓar siginarsa), kibod, firinta da hadis na waje (hard disk, ma'ajiyar fayil).

To matsalar ita ce maus ɗin sai ya riƙa tsayawa yana tsalle, in ina taifin kuma haruffa sai daga baya suke fitowa wasu ma su ɓace gaba ɗaya, abin ya fi tsanani in ina kwafar fayil zuwa hadis ɗin, wani lokacin har ya katse ya dawo da kansa ga kwastoma a tsaye yana jirana wallahi ba daɗi.

Na canza batirin maus, na sake saka direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura), na kashe abin nan na Windows 10 da ke sa USB barci, duk a banza. Amma in na soka maus ɗin kai tsaye a jikin laftof lafiya lau yake aiki.

Shin wuta ce ba ta isa, tunda ramin USB 2.0 500mA kawai yake bayarwa su huɗu suna rabawa? Ko kuwa hadis ɗin USB 3.0 ne yake dagula siginar 2.4GHz ta maus ɗin tunda suna manne da juna? In na sayi hub mai cajarsa zai magance, ko asarar kuɗi zan sake yi?